An sallamo Baba da robar fitsari a jikinsa, ba wanda ya yi mana bayani

Ɗan_Fari_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa irin wannan jinyar. Mahaifinmu yana da shekara 66. Ya daɗe yana yawan tashi fitsari da dare, da aka matsa masa ya je asibiti sai gwajin jini na PSA, wanda ake duba furostet da shi (wani ƙulli ne a ƙasan mafitsarar maza), ya nuna 14, wato ya hau. Aka ɗebi tsoka, aka ce kansar furostet ce, Gleason 3+4 (makin da ke nuna tsananin ciwon), hoto kuma ya nuna ba ta kai ƙashi ba. Likita ya ce a cire furostet ɗin gaba ɗaya. An yi aikin makon jiya, ya farfaɗo lafiya, alhamdulillahi. Aikin kansa ba mu da ƙorafi a kai.

Abin da ya biyo baya ne ya ɗaure mana kai. Da la'asar aka sallame mu, aka miƙo mana 'yar takarda da rubutun da ba ya karantuwa, aka ce mu dawo bayan sati biyu. Shi ke nan. Roba tana jikinsa, jakar fitsarin tana hannun ƙanena, haka muka shiga mota. Ba a nuna mana yadda ake juye ta ba, ba a faɗi abin da zai ci ba, babu lambar da za mu kira. Daren jiya fitsarin ya yi ja, yana kuma ɗiga ta gefen robar. Baba sai juyi yake, in na tambaya ya ce lafiya lau. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa, balle ya bari na duba masa wurin.

Wannan jan fitsarin mu koma asibiti ne ko mu jira? Kuma haka ake sallamar kowa, ko mu ne ba mu yi sa'a ba?

UmmuSadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ban san komai a kai ba, amma ga addu'a.

Nas_Mai_Ritaya:
Ɗana, kafin komai ka tashi ka duba abu ɗaya: fitsarin yana sauka cikin jakar ko ya tsaya? Wannan ya fi launin muhimmanci. In yana sauka, launinsa kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa sosai, ana ganin haka bayan irin wannan aikin, musamman in ya yi yunƙuri a bayan gida ko ya yi tafiya da yawa. A ba shi ruwa ya sha sosai, in dai likita bai taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ba. Ɗigar ta gefe ma takan faru, mafitsara ce ke murɗawa don tana jin baƙon abu a cikinta.

Amma in jinin ya yi kauri da gudaji, ko jakar ta daina cika mararsa kuma ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to kada ku jira gari ya waye. Ku tafi sashen gaggawa ku ce an yi masa aikin cire furostet, a kira likitocin mafitsara.

Abin da zan roƙe ka da girman Allah: kada ku bari mai kemis ko wani ɗan unguwa mai allura ya cire robar nan ko ya canza ta. Ba irin robar da ake sa wa wanda fitsari ya ƙi fita ba ce. An yanke bututun fitsari an sake ɗinke shi da mafitsara, robar ce ke riƙe hanyar har ɗinkin ya kama. In ma ta fita da kanta, wanda ya san aikin ne kawai zai mayar. Jakar kuma kullum ta zauna ƙasa da mara, kada a ɗora ta kan gado, kada tiyon ya lanƙwashe, a ɗaure shi a cinya don kada ya riƙa jan wurin. A wanke hannu kafin a juye da bayan an juye.

Ɗan_Fari_Gwale:
Mama na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, yana sauka amma kaɗan-kaɗan, akwai 'yan gudaji a tiyon. Kuma tun da muka dawo bai yi bayan gida ba sai sau ɗaya, da ƙyar.

Nas_Mai_Ritaya:
To ku tafi yau ɗin nan a duba, gudajin na iya toshe ta. Ka kuma gaya musu maganar bayan gidan su rubuta masa abin da zai tausasa ciki. Kada ku cusa masa komai ta baya, wurin aikin yana manne da nan. Gwanda, kuɓewa, ganye, ruwa. Ya riƙa ɗan takawa a tsakar gida, kwanciya kullum ita ke kawo daskarewar jini a ƙafa.

Bazazzage_77:
Haka ake sallamar kowa malam, ba ku kaɗai ba. Kawuna an yi masa nasa, ranar da aka ce ya dawo a cire roba muka tarar ana yajin aiki. Muka yi ta yawo da dattijo da jaka a cikin leda baƙa a ƙarƙashin babbar riga. A ƙarshe sai wani asibitin kuɗi muka je inda likitan nasa ke zuwa da yamma. Ka biya kuɗin aiki har da na auduga da safar hannu, amma bayanin minti biyar ya gagara.

Habu_Mai_Shayi:
Ni dai da kun tambaye ni tun farko da ban bari an taɓa shi da wuƙa ba. Ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an yanka yake bazuwa. Akwai mai magani a garinmu da ke haɗa zogale da habbatus sauda da zuma, mutane da yawa sun dace.

Likita_A_Ƙauye:
Habu, wannan maganar ta "daji ba ya son ƙarfe" ta kai mutane da yawa kabari. Abin da ke faruwa shi ne mutane suna zaune gida sai ciwon ya riga ya bazu, sannan a zo asibiti, in mutum ya rasu a ce wuƙa ce. Baban wannan bawan Allah yana cikin 'yan tsirarun da aka kama da wuri har aka iya cirewa. Yawancin waɗanda nake turawa birni sun zo ne da ciwon baya da na ƙugu, wani ma ƙafafu sun fara mutuwa, ciwon ya shiga ƙashin baya. Su ba a maganar cire furostet, sai dai a rage sinadarin mazakuta da ke ciyar da ciwon, ko da allurar da ake yi a fatar ciki duk wata ko duk wata uku, ko a yi ƙaramin aiki a maraina. Zogale a kwaɗo lafiya lau ne, a ci. Amma ba ya maye gurbin wannan.

Game da ƙorafin Bazazzage, ba zan kare abin da bai dace ba. Sallama ba bayani kuskure ne. Sai dai ku san halin da ake ciki: nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da majinyata da dare, likitocin mafitsara 'yan ƙalilan ne, waɗanda suka ƙware kuma suna ta ficewa Saudiyya da Ingila. Wanda ya rubuta takardar sallamar wataƙila ƙaramin likita ne da bai runtsa ba tun jiya.

Bazazzage_77:
Likita, mun ji. Amma buga takarda shafi ɗaya da Hausa, a rubuta abin da Mama nas ta rubuta a sama, a miƙa wa kowa, wannan ma sai an jira gwamnati ta ɗauki ma'aikata? Inda za a buga rasit ai ba a taɓa rasa takarda ba.

Likita_A_Ƙauye:
Nan kam ka kama ni, ba ni da amsa.

Tsohon_Hedimasta:
Bari in sa baki, ni da ciwon ya taɓa a jikina. Shekara ta uku ke nan da yin nawa. Ɗan_Fari, zan gaya maka abin da mahaifinka ba zai taɓa gaya maka ba.

Robar ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana zuwa ranar da aka cire ta. Ni ba wanda ya ce in zo da wani abu. Aka zare, na miƙe tsaye, kafin in kai ƙofa wandona ya jiƙe sharkaf har takalmi, ga layin mutane a baranda, cikinsu har da wanda na koyar a aji. Na koma na zauna a benci na rufe cinyata da jarida har ɗana ya je ya sayo zani. Don haka ranar nan ku tafi da famfas na manya, da wando na canji mai duhu, da leda ta shimfiɗawa a kujerar mota. Ka ba shi a cikin jaka a rufe, kada ka ce komai, zai gane.

Watannin farko in na yi tari, ko dariya, ko na tashi daga zaune, sai ya zubo. Na daina zuwa masallaci, na daina zuwa ɗaurin aure, na ce wa mutane ƙafa ke damuna. Ni da nake jan sallah a masallacin ƙofar gida. Abin da ya taimake ni atisayen matse tsokar ƙasa ne, irin matsewar da mutum ke yi in yana riƙe tusa a cikin jama'a, ku yi haƙuri da kalmar. Ka matse, ka ƙirga kaɗan, ka saki, sau da yawa a yini. Wani mai gashin ƙashi na asibiti ne ya koya min, shi ma da kaina na neme shi bayan na sha wuya. Ba a yi sai an cire roba. A hankali dare ya fara bushewa, sannan safiya, yamma ce ta fi daɗewa saboda gajiya. Yanzu sai in na ɗaga abu mai nauyi nake ganin ɗigo.

Kuma kada ku riƙa tambayarsa "ya jiki" a gaban jikoki da surukai. Ku nemo amininsa, sa'ansa, wanda suke wasa da dariya. Shi zai gaya wa gaskiya.

Hajiya_Ta_Tudun_Wada:
Malam Hedimasta, Allah ya biya ka. Wallahi na karanta ina hawaye, kamar labarin maigidana kake bayarwa.

Almajirin_Zaure:
Kan maganar masallaci da Malam ya kawo. Wannan mas'ala ce da malamanmu suka gama da ita tuntuni, babin salasul bauli, wato yoyon fitsari. A mazhabar Malikiyya in yoyon yana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. A Risala ma an ambata cewa mustahabbi ne mai wannan lalura ya sake alwala a kowace sallah. Ya tsaftace wurin gwargwadon iko, ya sa abin da zai tare, ya yi sallarsa. In tsayuwa ko sujada na jan ɗinkin, ya yi a zaune. Mai robar fitsari ma sallah ba ta faɗi a kansa ba, kuma ba a ce sai ya cire ba. Dattawa da yawa abin da ke cinsu a rai ke nan, suna ganin kamar sun zama marasa tsarki, su yi shiru. A samu malamin da yake girmamawa ya zo gaishe shi ya faɗa masa da bakinsa.

Sadauki_Birmingham:
Ni a Ingila aka yi min nawa, da na'urar nan mai hannuwa da likita ke sarrafawa daga gefe, 'yan ƙananan huji ne a ciki. Washegari aka sallame ni, wato su ma ba sa riƙe mutum. Bambancin shi ne tun kafin aikin an zaunar da ni an koya min atisayen da Malam ya faɗa, an ba ni jakar dare da ta rana mai ɗaurawa a ƙafa, da allurar hana daskarewar jini da na riƙa yi wa kaina a gida, da lambar wata nas da ke kula da masu wannan ciwon. Duk da haka kada ku ɗauka aljanna ce, na kira lambar nan ranar Asabar ba wanda ya ɗauka.

Ko sakataren tsaron Amurka na lokacin, Lloyd Austin, an yi masa aikin a Disambar 2023, ranar 1 ga Janairun 2024 aka koma da shi asibiti da ciwon da ya shiga hanyar fitsari, har ɗakin kulawa ta musamman. Kuma ya ɓoye, har shugaban ƙasarsa bai sani ba na kwanaki. To kunyar nan ba ta Bahaushe kaɗai ba ce.

Abin da nake so matasan gidan nan su riƙe: a nan ana cewa cikin baƙaƙen fata maza 4, ɗaya zai gamu da ciwon a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a 1 cikin 8 ne. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi, haɗarinsa ya fi. Ɗan_Fari, kai da ƙannenka da ƙannen Baba, daga shekara 45 ku fara maganar PSA da likita.

Likita_A_Ƙauye:
Na yarda da Sadauki, da gyara kaɗan. PSA mai yawa ba lallai kansa ba ce. Kumburin furostet na tsufa yana ɗaga shi, ciwon sanyin mafitsara ma haka. Kada mutum ya ga 6 a takarda ya fara rabon gado. Kuma ba kowace kansar ake yanka ba, wata mai Gleason 6 sa ido kawai ake yi ana maimaita gwaji.

Hajiya_Ta_Tudun_Wada:
Tunda maza sun yi ta kewaye-kewaye, bari ni in faɗa, don ba wanda ya san ni a nan. Maganar shimfiɗa. Jijiyoyin da ke tayar da namiji suna manne da abin da ake cirewa. Ko likita ya yi ƙoƙarin tsallake su, sai sun daɗe kafin su farfaɗo, wani shekara, wani fiye, wani ba sa dawowa. Maniyyi kuma ya tafi ke nan, ba sauran haihuwa ta hanyar da aka saba. Mu ba wanda ya gaya mana. Maigidana ya koma kwana a ɗakin zaure, ya daina cin abinci tare da ni, abu kaɗan sai faɗa. Na ɗauka wani laifi na yi, abokiyar zamana kuma ta ɗauka asiri na yi masa. Gidan ya kusa watsewa a kan abin da likita zai iya faɗa mana a zama ɗaya.

Daga baya ya fara sayen maganin maza na masu talla a mota da lasifika. Da na gani na ce wallahi sai mun koma wurin likitansa. Akwai magungunan asibiti da ake gwadawa, amma mai shan wasu magungunan zuciya ba ya haɗa su, jini na iya faɗuwa warwas. Ɗan_Fari, wannan ba maganarka da Baba ba ce. Amma ka samu wata babba, yayar mahaifiyarka ko aminiyarta, ta shirya ta.

Habu_Mai_Shayi:
To kun gani. Ga yoyon fitsari, ga wannan. Shi ya sa mutane ke gudu.

Tsohon_Hedimasta:
Habu, abokina da muka yi makarantar horon malamai tare ya gudu. Na je gaishe shi yana kwance ba ya iya juyawa sai an juya shi. Ni da famfas ɗina na je, da ƙafata na dawo.

BaMaraɗiya:
Mu nan Nijar da can duk wanda aka ce sai gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sai dai a fita waje. Tun 2021 aka fara gashin a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, an samu sauƙi, amma daga Maraɗi tafiya ce mai nisa, ga masauki ga abinci na makonni. Wanmu Alƙahira ya je aka yi masa aikin. Aiki ya yi kyau, ya dawo da fayil cike da takardu, amma likitan da ya yi yana can, na nan kuma bai san shi ba. Masu niyyar fita waje ku fara samun likitan gida da zai karɓe ku in kun dawo, tun kafin ku sayi tikiti.

Bazazzage_77:
Gashin ma a Najeriya sai wanda ya gani. Zariya, Sakkwato, Abuja, Legas, Ibadan, 'yan wurare ne ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Su kuwa manya ko ciwon kai Landan.

Auwal_Inshora:
Kada mu koma siyasa. Ga abin da zai amfani mai tambaya: gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi, an fara shi a 2021, kuma kansar furostet tana cikin ukun da aka fara da su, tare da ta mama da ta bakin mahaifa. Ana nema ne ta asibitocin da aka zaɓa. Ka je ofishin walwalar majinyata ka tambaya. Ba na ce kuɗin na fitowa da sauri ba, amma a sa suna ya fi a zauna.

Ɗan_Fari_Gwale:
'Yan uwa mun dawo. Mama nas, maganarki ta tabbata, gudaji ne ya fara toshe robar. Mun daɗe a sashen gaggawa kafin a samu likitan mafitsara, da ya zo ya wanke ta da sirinji, nan take jakar ta cika, Baba ya yi ajiyar zuciya har ya yi barci a kan gadon. Likitan ya yi mamaki da ba a yi mana bayani ba, ya rubuta min lambarsa a bayan kati. Na kuma bi shawarar Malam Hedimasta, na ɗauko amininsa da suke kasuwa tare. Ina daga waje ina jin suna dariya, daga baya Alhajin ya fito ya ce min wurin da robar ta shiga yana masa zafi tun kwana uku, kunya ta hana shi faɗa.

Saura abu ɗaya. Na tambayi sakamakon naman da aka cire, an ce mu je ɗakin gwaji, can kuma an ce ba su ga lambar ba, mu dawo wani satin. Yana da muhimmanci ne, tunda an riga an cire?

Likita_A_Ƙauye:
Ƙwarai kuwa, kada ka bar shi. Wannan takardar ce za ta nuna ko ciwon ya tsaya cikin furostet ko ya leƙa waje, ko gefen da aka yanka ya fita tsaf, kuma Gleason ɗin na iya canzawa daga na farko. Da ita da PSA na bayan aiki ake yanke ko za a ƙara gashi. PSA ɗin ana yinsa wajen sati 6 zuwa 8 bayan aiki, kuma tunda babu furostet ya kamata ya sauka ƙasa da 0.1. In daga baya ya hau zuwa 0.2 aka maimaita ya tabbata, likita zai sake zama da ku. Ku riƙa yi a ɗakin gwaji ɗaya, ku sayi littafi ku rubuta kwanan wata da lamba duk lokacin da aka yi. Ka koma da rasit ɗin da kuka biya kuɗin gwajin, lambar tana jiki. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya.

Nas_Mai_Ritaya:
Alhamdulillahi. Ka gaya wa Alhajin ya faɗa masa ya riƙa wanke bakin wurin da ruwa da sabulu mara ƙamshi kullum, ya tsane. Ban da ɗaukar kaya mai nauyi da hawa babur har sai likita ya ce.

Gambo_Direba:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni shekarata 52, kusan shekara guda ke nan fitsarina ba ya fita da ƙarfi, ina tsayawa a hanya sau da yawa har fasinja na ƙorafi. Babanmu ma da roba ya rasu amma ba mu san sunan ciwon ba. Wannan PSA ɗin sai da takardar likita ake yi, ko zan iya shiga ɗakin gwaji kai tsaye? Kuma gwajin yatsan nan da ake faɗa, wanda likita ke taɓa furostet ta dubura, dole ne?